MURYA ƊAYA: MEMBOBIN DA SUKA ƘI BARIN SUJADAR KAKANNINSU TA MUTU

 

Sa'ad da Kwamitin Jubili ya aiko mana da takarda cewa mu yi magana a kan gado, watau abin da iyaye suka bar mana da yadda za a riƙe shi, mun yi kwanaki muna juya abin a zuciya. Tarihin wannan majami'a an riga an rubuta shi a wani shafi na littafin da ke hannunku, ba sai mun maimaita ba. Sai muka ga ya fi kyau mu leƙa gidan maƙwabta. Labarin da muka kawo muku na 'yan'uwanmu Roman Katolika ne, yawancinsa kuwa a ƙasashen Turai ya faru. Labarin waɗansu membobi ne, ba Fada ba, ba Bishop ba, masu zaman benci kamar ku, waɗanda suka shafe shekara 60 suna fama domin kada tsohuwar sujadarsu ta harshen Latin ta ɓace daga duniya. Mun san wani dattijo zai ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Baba, a yi mana haƙuri har mu kai ƙarshe.

WACE IRIN SUJADA CE?

Latin harshen mutanen Roma ne na dā. Yana cikin harsuna uku da aka rubuta sanarwar da Bilatus ya sa a kan gicciye, kamar yadda muke gani a Yahaya 19:20. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ikilisiyar Roma ba da Latin ta fara sujada ba, da Helenanci ta fara. Masu bi na Afirka ta Arewa, irin su Tertullian da Cyprian na birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, suna cikin waɗanda suka fara rubuta al'amuran bangaskiya da Latin. Sai a ƙarni na 4 sujadar Roma ta koma Latin sosai, gama shi ne harshen gida da na kasuwa. A shekarar 382 Jerome ya soma babban aikinsa na juya Littafi Mai Tsarki zuwa wannan harshe. Ashe dalilin da ya shigo da Latin cikin majami'a, shi ne dalilin da ya ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932: domin talaka ya ji, ya gane.

Amma harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bakin mutane ya yi ta sakewa har Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci suka fito daga cikin Latin, shi kuwa aka bar shi a gaban bagadi. Bayan Majalisar Trent, Paparoma Pius na 5 ya fitar da tsararren littafin sujada a 1570, aka yi ta bin sa da 'yan gyare-gyare har bugun ƙarshe na 1962. Wannan sujada, wadda suke kira Mas, ga yadda take: Fada yana fuskantar bagadi, jama'a suna bayansa, duka suna duban gefe ɗaya. Babbar addu'ar da ake yi a kan gurasa da ƙoƙo, a hankali yake yin ta kamar raɗa, majami'a ta yi tsit, sai dai ƙarar ƙaramar ƙararrawa a hannun yaron da ke hidima. Ana karɓar jibi a durƙushe, a kan harshe. Waƙarsu kuma, wadda ake kira waƙar Gregori, murya ɗaya ce tak ke tafiya, ba soprano ba bas, ba ganga. Mai karatu yana riƙe da ɗan littafi, Latin a shafin hagu, harshensa a dama. Irin wannan sujada ce Fada-Fadan mishan suka kawo Lokoja a 1884, da Shendam a 1907.

Sa'an nan sai Majalisar Batikan ta Biyu ta zauna daga 1962 zuwa 1965, bishop sama da 2,000 daga ko'ina cikin duniya. A ranar 4 ga Disamba 1963 suka fitar da takarda a kan sujada. Takardar ta ce a ci gaba da riƙe Latin, amma a buɗe ƙofa ga harsunan mutane. Ƙofar da aka ɗan buɗe kuwa sai ta wangame. Cikin 'yan shekaru Latin ya kusa ƙarewa a majami'u, kuma a 1969 Paparoma Paul na 6 ya fitar da sabon tsarin Mas gaba ɗaya. A lura, ba harshe kaɗai ya sake ba. Addu'o'i sun sake, karatu ya sake, a yawancin wurare an jawo bagadi gaba Fada ya juyo yana fuskantar jama'a. Sabon tsarin ma ana iya yin sa da Latin. Saboda haka gardamar da ta biyo baya ta fi ƙarfin maganar harshe.

Bari mu faɗi matsayinmu a fili, kada wani ya fita ya ce Fasto ya sake sheƙa. Mu 'ya'yan gidan Wycliffe da Luther da Tyndale ne. An kashe Tyndale a 1536, mutumin da ya ba da ransa ga aikin sa Maganar Allah cikin Turancin da manomi zai ji. Manzo Bulus kuma, a 1 Korantiyawa 14, ya fifita 'yan kalmomi kaɗan da mai ji zai gane bisa dubbai da ba su gina kowa. A kan wannan muke tsaye. Yawancin Katolika ma, musamman nan Afirka, da murna suka karɓi sujada cikin harsunansu, da ganga da kacau-kacau. Masu riƙon Latin tsiraru ne. A makarantar Littafi Mai Tsarki mun koyi tsohuwar Mas a matsayin misalin sujadar da jama'a ba sa fahimta, muka rubuta haka a jarrabawa, muka kuma ci. Sai wata rana muka je jana'izar wani tsohon maƙwabcinmu Katolika. Da aka zo ɗaukar gawa, tsofaffi suka ɗaga wata waƙar Latin da ka, ba littafi, hawaye na zuba. Muka tsaya muna kallo. A ranar muka gane cewa akwai abin da amsar jarrabawarmu ba ta ɗauka ba.

WAƊANDA SUKA TASHI

Ba daga Roma abin ya fara ba, ba kuma daga gidan wani bishop ba. A 1964 wata likita a birnin Oslo na ƙasar Nowe, Dokta Borghild Krane, ta yi kira ga Katolika su haɗa kai su kāre gadon sujadarsu. Nowe kuwa ƙasar Lutheran ce, Katolika a cikinta 'yan kaɗan ne. A ƙarshen shekarar aka kafa ƙungiya a Faransa, aka sa mata suna Una Voce, watau “da murya ɗaya”. A 1965 mutanen Ingila da Wales suka kafa tasu, Latin Mass Society. Wakilai suka gana a Roma a 1965, sa'an nan a watan Janairu 1967 suka taru a Zurich ta ƙasar Suwizalan suka kafa tarayyar Una Voce ta duniya. Shugabanta na fari, Dokta Eric de Saventhem, haifaffen Jamus ne. A lokacin yaƙin duniya na biyu yana aikin leƙen asirin Jamus a Istanbul, a 1944 shi da matarsa suka gudu zuwa wurin Ingilishi domin ba su yarda da Hitler ba. Bayan yaƙi ya zama ma'aikacin inshora. Wannan mutum ya riƙe shugabancin har 1995, yana zirga-zirga zuwa Roma, yana rubuta wasiƙu, yana jira a ƙofar ofisoshi.

Hujjarsu ba mai wuyar ganewa ba ce. Suka ce Majalisar da kanta ta umarta a riƙe Latin, don me ake yi kamar ta haramta shi? Suka ce harshe ɗaya yana haɗa Bajamushe da Bafaranshe da mutumin Onitsha a gaban bagadi ɗaya. Suka ce waƙoƙin da aka tara cikin shekara fiye da 1,000, in aka daina rera su tsara ɗaya kawai, sun tafi ke nan. Suka kuma ce shirun nan da durƙuson nan suna koya wa mutum tsoron Allah ta hanyar da yawan magana ba ya yi.

Abin da ya faru a Ingila a 1971 ya isa a tsaya a kansa. Ana rade-radin za a hana tsohuwar Mas ɗungum. Wani marubucin waƙoƙi, memba na ƙungiyar, mai suna Alfred Marnau, ya ɗauki takardar roƙo ya bi manyan masana da marubuta da makaɗa na ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Ya sami hannu sama da 50, jaridar The Times ta buga a ranar 6 ga Yuli 1971. Abin mamaki, da yawa daga cikinsu ba Katolika ba ne. Akwai bishop biyu na Angilika. Akwai Yehudi Menuhin, Bayahude, gwanin goge irin na Turawa. Akwai marubuci Graham Greene, akwai kuma Agatha Christie, mai rubuta labaran binciken kisan kai, ita ma 'yar Angilika. Takardar ba ta shiga gardamar koyarwa ba. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, in wani ya ba da umarni a rushe manyan majami'un dā, duk mai hankali zai yi kuka ko wane addini yake bi, to, sujadar da aka gina majami'un dominta fa? Kadinal Heenan na Westminster ya kai maganar gaban Paparoma Paul na 6. Ana ba da labari cewa Paparoma yana bin sunayen da ido, da ya kai kan sunan Agatha Christie sai ya ɗauki alƙalami ya sa hannu. Shi ya sa har yau ake kiran izinin da sunanta. A watan Nuwamba 1971 izini ya fito, domin Ingila da Wales kaɗai, lokaci-lokaci, kuma sai bishop ya yarda.

Ɗan ƙaramin izini ne, kamar ruwan kwalba a hannun matafiyi. Da shi suka yi shekaru, a wasu wurare sau ɗaya a wata, da yamma, bayan kowa ya watse. Sai a 1984 Paparoma John Paul na 2 ya faɗaɗa irin wannan izini ga dukan duniya.

A nan hanya ta rabu biyu, kuma wannan ne wurin da muke so Dattawa su kasa kunne. Akwai wani Babban Bishop Bafaranshe, Marcel Lefebvre, wanda ya yi aikin mishan a Gabon, ya kuma zama Babban Bishop na Dakar. Shi ma yana ƙaunar tsohuwar sujada, ya buɗe makarantar horar da firistoci a Écône ta Suwizalan. A ranar 30 ga Yuni 1988 ya naɗa bishop huɗu ba da yardar Paparoma ba, aka yanke su daga zumunta. Shi ya rasu a 1991, a 2009 aka ɗage hukuncin a kan bishop huɗun, amma tsagar ba ta haɗe ba. Membobin Una Voce da yawa suna ganin girman Lefebvre. Michael Davies, wanda ya gaji de Saventhem a 1995, tsohon soja ne kuma malamin firamare, har littattafai ya rubuta yana kāre shi. Duk da haka tarayyar ta zauna cikin gida, ƙarƙashin shugabannin da suke hana ta abin da take so. Mu da muka ga ikilisiyoyi sun tsage a kan zaɓen ma'aji, ko a kan wanda zai riƙe makullin ɗakin ajiya, mun san nauyin wannan.

Kada kuma a ɗauka aikinsu rubutun takardun roƙo ne kawai. Sujada ba ta rayuwa a kan takarda. Dole wani ya koya wa yara amsoshin da za su bayar a gaban bagadi, wani ya tara mawaƙa ranar Alhamis da yamma, wani ya sāke buga littattafan da aka daina bugawa. A Ingila akwai ƙungiyar masu ɗinki, Guild of St Clare, yawancinsu mata, aikinsu gyaran tsofaffin rigunan firistoci da allura da zare. Iyayenmu Zumuntar Mata, kun ji 'yan'uwanku. Da ya bayyana cewa sababbin Fada-Fada ba su iya tsohon tsarin ba, membobi ne suka shirya musu taron horo a Oxford a 2007. Ku duba fa, tumaki suna shirya wa makiyaya makaranta.

A Faransa kuma, tun 1983 wata ƙungiyar membobi take shirya tattaki kowace shekara a lokacin Fentikos, daga Paris zuwa babbar majami'ar Chartres, tafiyar kusan kilomita 100 a ƙasa cikin kwana uku, suna kwana cikin tanti a fili. A 2024 mutum wajen 18,000 ne suka yi tafiyar, yawancinsu matasa, waɗanda aka haifa shekaru da yawa bayan an daina Latin a majami'un iyayensu. An yi zaton abin zai mutu tare da tsofaffi. Sai ga jikoki da jaka a baya, ƙafa duk bororo, suna rera abin da kakanni suka rera.

A ranar 7 ga Yuli 2007 Paparoma Benedict na 16 ya fitar da doka mai suna Summorum Pontificum. Ta ce ba a taɓa soke littafin 1962 ba, kowane Fada yana iya amfani da shi, kuma in tabbatacciyar ƙungiyar membobi ta roƙa a majami'arsu, a karɓi roƙonsu da hannu biyu. A wannan lokaci ɗan ƙasarmu, Kadinal Francis Arinze, shi ne shugaban ofishin sujada a Batikan, ya riƙe shi daga 2002 zuwa 2008. A ƙasarmu ma akwai inda ake yin tsohuwar Mas, a Umuaka ta jihar Imo. Amma ku lura da wannan: Dokta Krane ta rasu a 1997, Michael Davies a 2004, de Saventhem a 2005. Ba ɗayansu da ya ga ranar da ya yi wa wahala. Mai karanta Ibraniyawa 11 zai tuna da irinsu.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun ce madalla mu zauna. Amma a ranar 16 ga Yuli 2021 Paparoma Francis ya fitar da wata doka, Traditionis Custodes, ya janye yawancin abin da aka bayar. Iko ya koma hannun bishop, aka ce kada a yi tsohuwar Mas a majami'un unguwa, sabon Fada kuma sai an tuntuɓi Roma kafin a ba shi izini. Dalilin da ya bayar shi ne, abin da aka bayar domin sulhu, waɗansu sun mai da shi sandan dukan Majalisar Batikan ta Biyu, suna ɗaukar kansu su ne ikilisiya ta gaskiya. Mu ba alƙalai ba ne a gidan maƙwabta. Amma duk wanda ya leƙa abin da waɗansu masu zafin kai suke rubutawa a intanet zai ga zargin bai rasa tushe ba. Mun san irin wannan ruhu, muna da shi a gida: mutumin da ya haddace tsofaffin waƙoƙi, yana hararar yaron da ke kaɗa jita kamar ba ceto ɗaya suka samu ba. A ɗaya gefen kuma, akwai iyalai masu tawali'u da ba su zagi kowa ba, suka wayi gari an ce su koma ɗakin taro na makaranta su yi sujada. Laifin mai baki ya shafi mai shiru.

Me suka yi? Suka koma kan abin da suka iya. A watan Yuli 2024 wata takardar roƙo ta sāke fitowa a The Times, shekara 53 bayan ta fari, wannan karo a hannun mai tsara kiɗa Sir James MacMillan, kuma har wa yau da hannun waɗanda ba Katolika ba. Paparoma Francis ya rasu a watan Afrilu 2025, aka zaɓi Leo na 14 a watan Mayu. A ranar 25 ga Oktoba 2025 aka bar Kadinal Burke ya yi tsohuwar Mas a cikin majami'ar Bitrus ta Roma, abin da aka hana masu wannan ziyara a shekarun baya. Amma shekarar ta ƙare dokar 2021 tana nan daram.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku dubi bencin da kuke zaune. Mutum nawa ne a nan Hausa ce harshen mahaifiyarsu? Ga Bajju, ga Ngas, ga Berom, ga Tangale, ga Bahaushe, kowa da yarensa a gida, amma shekara 50 Hausa tana haɗa mu a murya ɗaya, kamar yadda Latin ya yi wa waɗancan. Yanzu kuwa sujadar Turanci ta cika maƙil, jikokinmu suna riƙe Littafin Waƙoƙi suna motsa baki ba su san abin da suke faɗa ba. In haka ta ci gaba, maganar Manzo Bulus da muka yi wa Katolika wa'azi da ita shekara da shekaru, kanmu za ta juyo. Ba mu ce a rufe sujadar Turanci ba, Allah ya sawwaƙe. Amma mun tambayi Shugaban Mawaƙa mutum nawa suka rage da za su iya karanta do-re-mi na tsohon littafin su koya wa wani, sai ya yi dariya, ya fara lissafi da yatsun hannu ɗaya.

Saboda haka mun roƙe shi, ya kuma yarda, cewa daga mako mai zuwa waɗannan iyaye za su riƙa zama da matasa kowace Asabar da yamma, a bi waƙoƙin ɗaya-ɗaya, a koyi murya, a kuma bayyana ma'anar kowace kalma. Sakataren Ikilisiya yana bakin ƙofa da takarda domin masu ba da suna. Yanzu kuma za su fito su ɗaga mana waƙar da aka rera ranar da aka buɗe wannan majami'a, ba jita, ba ganga, kamar yadda aka yi a ranar. Wanda ya iya ta ya miƙe ya taya su.

 Ubangiji ya sa mana albarka. Amin.